Uba da Haihuwa: Taimakon Magidanta Lokacin Ciki da Jego

Gabatarwa

A ƙasar Hausa an saba cewa ciki da haihuwa sha'anin mata ne. Idan naƙuda ta tashi, mata ne ke shiga ɗaki, maigida ya koma ƙofar gida yana jiran labari. Amma idan al'amari ya rikice, wurinsa ake komawa. Shi ke ba da izinin tafiya asibiti, shi ke neman kuɗi, shi ke nemo amalanke ko mota. Ke nan mutumin da aka bari a waje ba tare da an sanar da shi kome ba, shi ne ake jira ya yanke shawara mafi nauyi cikin ɗan lokaci kaɗan.

Wannan bayani ya ƙunshi abin da uba ya kamata ya sani tun daga shigar ciki har zuwa bayan arba'in, da irin taimakon da shi kansa yake bukata, da yadda ma'aikatan lafiya za su yi aiki tare da shi.

Me ya sa ake maganar uba?

Babban binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijar a shekarar 2006 ya nuna cewa cikin kowace haihuwa 100.000, mata 648 ke rasa ransu. A binciken 2012 adadin ya sauko zuwa 535. Yawancin waɗannan mata na mutuwa ne saboda zubar jini, ko jijjiga, ko doguwar naƙuda, ko shigar ƙwayoyin cuta bayan haihuwa. Dukan waɗannan suna da magani idan aka isa asibiti da wuri.

Masana lafiya sun lura cewa jinkiri iri uku ne ke kashe mai haihuwa:

1. Jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti.
2. Jinkirin isa asibiti saboda nisa, ko rashin abin hawa, ko rashin kuɗi.
3. Jinkirin samun kulawa bayan an isa.

Na farko da na biyu suna faruwa ne a gida da kan hanya, kuma galibi suna hannun maigida. Mace mai zubar jini bayan haihuwa tana iya mutuwa cikin awa biyu idan ba a taimake ta ba. Awa biyu ba za ta isa a aika gona kiran maigida, a nemi rance, sannan a nemi abin hawa ba. Don haka ake son a gama waɗannan shirye-shirye tun ciki yana ƙarami.

Kunya da al'ada

Kunya ado ce, kuma tana cikin tarbiyyarmu. Saurayin da matarsa ta yi cikin fari ba ya son a ji maganar daga bakinsa, musamman gaban iyaye da surukai. Ita ma matar takan ɓoye cikin har sai ya fito. Wani magidancin kuma yana gudun kada abokansa su gan shi a layin awon ciki su ce mace ta mallake shi.

Ba a ce a zubar da kunya ba. Sai dai Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai hanyoyin da mutum zai kula da iyalinsa mutuncinsa na nan daram. Yana iya ganin ma'aikacin lafiya su biyu kaɗai. Yana iya aika saƙo wurin surukarsa ta bakin gwaggo ko yaya. Yana iya raka matarsa har bakin asibiti, ya jira a inuwa, bayan an gama ya tambayi abin da aka ce.

A gidaje da yawa mace takan tafi goyon ciki gidan iyayenta don haihuwar fari. Tafiyarta ba ta sauke wa miji nauyi ba. Ya kamata ya san asibitin da ya fi kusa da garin surukansa, ya kuma daidaita da su a kan wanda zai kai ta idan naƙuda ta zo.

Ayyukan uba lokacin ciki

Awon ciki. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar mai ciki ta gana da ma'aikacin lafiya sau 8, kuma zuwan farko ya kasance cikin wata 3 na farko. A wurin awo ana duba hawan jini, da ƙarancin jini, da kwanciyar ɗa. Ana ba da ƙwayoyin ƙarin jini da ake sha kullum, da allurar rigakafin sandarewar haba wadda ake kira tetanos. Daga wata na 4 ana fara ba da ƙwayoyin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, aƙalla sau 3, da tazarar wata guda tsakani. Aikin uba shi ne ya san ranakun awo, ya tuna wa matarsa, ya ba ta kuɗin hanya, ya kuma adana katin awo wurin da ruwa ko gara ba za su ɓata shi ba.

Gwajin jini tare. Yana da kyau miji ya yi gwaji tare da matarsa. Ciwon sida da tunjere suna iya kama jariri tun yana ciki, kuma akwai maganin da ke hana haka. Idan aka yi wa mace maganin tunjere aka bar mijinta, ciwon zai sake dawo mata.

Abinci. Mai ciki na ci ne don rai biyu. Bayan tuwo da fura tana bukatar wake, gyaɗa, nono, ƙwai, kifi ko nama gwargwadon hali, da ganye irin su zogale da tafasa da rama. Ƙwai ba ya cutar da mai ciki ko ɗan da ke cikinta. Maigida shi ke riƙe da rumbu da kuɗin cefane, saboda haka shi zai tabbatar rabonta ya ƙaru.

Rage aiki. Daka, da jan ruwa a rijiya mai zurfi, da ɗauko itace daga nesa suna gajiyar da mai tsohon ciki. Uba na iya biyan kuɗin niƙa, ya ɗebo ruwa da amalanke, ya sa manyan yara su taimaka. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, ya yi magana da su cikin adalci, domin wadda aka sauƙaƙa wa bana, ita za ta sauƙaƙa wa ƴar uwarta baɗi.

Gidan sauro. Zazzaɓin cizon sauro yana jawo ƙarancin jini, da ɓari, da haihuwar ɗan da bai kai nauyi ba. Mai ciki ta kwana cikin gidan sauro mai magani kowane dare, ba da damina kaɗai ba.

Kwanciyar hankali. Duka, da zagi, da hayaƙin taba a ɗaki suna cutar da uwa da ɗa. Kada a ba mai ciki wani magani na kasuwa ko jiƙo sai an tambayi ma'aikacin lafiya.

Shirin haihuwa

Kafin ciki ya shiga wata na 7, ya kamata miji da mata su zauna su amsa waɗannan tambayoyi:

- A wane asibiti za a haihu?
- Da me za a tafi, da rana ko da dare, da rani ko da damina?
- Lambar wayar wa za a kira? Mai mota, ko mai babur, ko shugaban asibiti?
- Nawa aka ajiye, kuma a hannun wa kuɗin yake?
- Wace mace ce za ta raka ta, wa zai kula da yaran da aka bari gida?
- Su wa za su ba da jini idan an bukata?
- An tanadi zannuwa masu tsabta, da sabulu, da fitila, da kayan jariri?

A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke wa jama'a kuɗin awon ciki da na maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 a asibitocin gwamnati, bayan ta ɗauke na aikin fiɗa don ciro jariri. Duk da haka akwai kuɗin mota, da abincin masu jinya, da maganin da wani lokaci sai an saya a waje. Wanda ya fara tara kaɗan kaɗan tun wata na 3, ko ya ware akuya ɗaya don wannan rana, ba zai shiga gari neman rance da tsakar dare ba.

Magidanta da yawa sukan fara tanadin ragon suna tun da wuri. Wannan abu ne mai kyau, amma kuɗin kai uwa asibiti shi ne kan gaba, domin sai uwa da ɗa sun rayu ake yin suna.

Idan maigida zai tafi cin rani

Bayan girbi maza da yawa daga jahohin Tawa, Maraɗi da Damagaram sukan tafi neman kuɗi Najeriya, ko Libiya, ko Aljeriya, ko ƙasashen bakin teku. Sau da yawa haihuwa takan zo ba sa nan. Wanda zai yi tafiya ya bar mata da ciki, ya yi abu uku kafin ya tashi:

1. Ya faɗa gaban mahaifiyarsa da ƴan uwansa cewa ya ba matarsa izinin zuwa asibiti kowane lokaci, ba sai an jira shi ko an same shi a waya ba.
2. Ya bar kuɗin a hannun matar ko wani amintaccen da ke kwana cikin garin.
3. Ya ambaci sunan mutumin da zai tsaya a madadinsa.

Alamomin hatsari ga mai ciki da mai jego

Idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, a tafi asibiti nan take, ko dare ko rana:

- zubar jini lokacin ciki, ko jini mai yawa bayan haihuwa;
- jijjiga ko suma;
- ciwon kai mai tsanani tare da gani dishi-dishi;
- kumburin fuska da hannuwa;
- zazzaɓi mai zafi;
- ciwon ciki mai tsanani;
- wahalar numfashi;
- fashewar faya ba tare da naƙuda ta biyo ba;
- ɗa ya daina motsi;
- naƙuda ta wuce awa 12, wato daga fitowar rana zuwa faɗuwarta;
- mabiyiya ta ƙi fita;
- ruwa mai wari yana fita bayan haihuwa.

Jijjiga ba aikin iska ba ce. Hawan jini ke kawo ta, kuma akwai allurarta a asibiti. Doguwar naƙuda kuwa ita ke jawo ciwon yoyon fitsari, musamman ga yarinyar da ƙugunta bai gama girma ba. Yankan gishiri ba ya buɗe hanyar haihuwa. Yana iya huda mafitsara, ya kuma sa jini ya ƙare. Addu'a ba ta hana tafiya: a yi ta a kan hanya.

Bayan an sauka

Ana son uwa da jariri su zauna asibiti aƙalla awa 24 bayan haihuwa, domin a wannan lokaci ne hatsari ya fi yawa. Kada maigida ya matsa a sallame su don ƴan barka suna jira. Daga nan a koma a duba su a rana ta 3, da cikin mako na 2, da bayan mako 6.

Nono. A sa jariri ga nono cikin awa ta farko. Dakashi, wato nonon farko mai kauri, shi ne rigakafin farko na yaro, bai kamata a matse shi a zubar ba. Har wata 6 nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ko lokacin zafi, domin akwai isasshen ruwa a cikinsa. Sau da yawa kakanni ne ke son a ba da ruwa ko jiƙo. Uba shi ya fi kowa iya yi wa mahaifiyarsa bayani cikin ladabi.

Ɗumi da cibiya. A jinkirta wankan farko har kwana ɗaya, a rufe jariri, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa. Jaririn da aka haifa ƙarami yana bukatar ɗumin jiki sosai, kuma uba ma yana iya rungume shi a ƙirjinsa idan uwa tana hutawa. Kada a sa toka, ko ƙasa, ko kashin dabba a cibiya. A yi amfani da maganin da asibiti ya bayar kawai.

Wankan jego. Maigida ke sayen itacen wanka, don haka yana da ta cewa. Wanka da ruwan ɗumi yana da daɗi ga mai jego, amma tafasasshen ruwa yana ƙona jiki. Likitoci a Zariya tun cikin shekarun 1970 sun lura cewa yawan shan kunun kanwa da kwanciya kan gado mai wuta a ƙarƙashi suna da alaƙa da ciwon zuciya bayan haihuwa. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a zaune, a kai ta asibiti da gaggawa.

Wanzami. Cire beli da tsaga suna iya sa jariri zubar jini ko kamuwa da cuta. Beli halitta ne, ba ciwo ba ne. Uba ne ke kiran wanzami, shi ne kuma zai iya cewa a bari.

Rigakafi da takarda. Ana yi wa jariri allurar tarin fuka da ɗigon shan inna tun haihuwa. Wasu suna biyowa a mako na 6, na 10, na 14, sannan a wata na 9. A kuma sanar da haihuwar a asibiti ko ma'aikatar magajin gari cikin wa'adin da doka ta sa, domin yaro ya sami takardar haihuwa. Da ita zai shiga makaranta ya yi jarrabawa.

Tazara. Masana lafiya sun ba da shawarar a bar aƙalla shekara 2 bayan haihuwa kafin wani ciki ya shiga, don uwa ta murmure, yaro ya sha nono ya ƙoshi. Miji da mata su je tare su ji hanyoyin da ke akwai, su zaɓi wadda ta dace da su.

Alamomin hatsari ga jariri

- ya ƙi kama nono;
- numfashi da sauri ƙwarai, ko ƙirji na shiga ciki;
- jiki ya yi zafi ko ya yi sanyi;
- jijjiga;
- ba ya motsi sai an taɓa shi;
- idanu, tafin hannu da tafin ƙafa sun yi rawaya;
- cibiya ta yi ja, ko tana fitar da mugunya.

Jariri ba ya jure jinkiri. Wanda ya ƙi nono da safe, kada a bari sai yamma.

Uba ma yana bukatar taimako

Sabon uba yana ɗauke da kaya mai nauyi: kuɗin asibiti, hidimar suna, abincin baƙi, tsoron abin da zai sami matarsa, da rashin barci. An koya masa cewa namiji ba ya kuka, saboda haka yakan haɗiye damuwarsa. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna cewa kusan uba 1 cikin 10 yakan shiga ciwon damuwa lokacin ciki ko cikin shekarar farko bayan haihuwa. Alamominsa su ne saurin fushi, gudun gida, rashin barci, rashin sha'awar aiki, da komawa ga ƙwaya.

Wanda ya ji haka fiye da mako 2 ya gaya wa wani: aboki na kirki, ko liman, ko ma'aikacin lafiya. Ƴan uwa kuma su sauƙaƙa masa. Suna gwargwadon hali ya fi suna na bashi. Uban da ya rasa jariri ko mata yana bukatar a zauna da shi bayan kwanakin gaisuwa sun wuce.

Haka kuma ya lura da matarsa. Mai jegon da ke yawan kuka, ta ƙi abinci, ba ta son ɗaukar jaririnta, ba lalaci ko baƙin hali ke damunta ba. Ciwo ne, kuma yana da magani.

Makarantar magidanta

Nijar ta yi suna a duniya wajen jawo maza cikin sha'anin lafiyar iyali. A shekarar 2007 wani bincike da Asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan al'umma, UNFPA, ya sa aka yi a jahar Damagaram ya nuna cewa ra'ayin maza na cikin manyan abubuwan da ke hana mata zuwa asibiti. A 2008 aka buɗe makarantun magidanta 11 na gwaji a jahar, waɗanda ake kira École des Maris da Faransanci. Daga baya tsarin ya bazu zuwa sauran jahohi, har wasu ƙasashen Afirka ta Yamma suka ɗauka.

Makarantar ba ta da aji ko allo. Taro ne na magidanta da ba su wuce 12 ba, masu haɗuwa kamar sau 2 a wata. Ana zaɓen mai aure, wanda ya kai shekara 25, mai kyakkyawan hali, wanda matarsa ke zuwa asibiti, kuma ya yarda ya yi aikin don sa kai. Babu shugaba a cikinsu, kowa daidai yake da kowa. Sukan dubi matsalar garinsu tare da ma'aikatan lafiya, su nemi mafita, sannan su kai maganar majalisun hira da wuraren suna da ɗaurin aure. A wasu garuruwa sun gina makewayi a asibiti da ɗakin kwanan ungozoma.

Sirrin tsarin shi ne namiji ya fi jin magana daga bakin ɗan uwansa namiji wanda ya sani. Garin da ba shi da irin wannan makaranta yana iya farawa da abin da ke hannu: magidanta kaɗan, da yardar maigari da liman, da haɗin kan shugaban asibiti.

Shawara ga ma'aikatan lafiya

Namijin da aka kora ko aka kunyata sau ɗaya a asibiti ba zai dawo ba, kuma zai gaya wa abokansa. Ga abin da ke taimakawa:

- A gaishe shi da mutunci. «Sannu da zuwa, Malam, ka kyauta da ka rako ta» ta fi «Maza su fita waje».
- A tanadi benci a inuwa inda maza za su zauna dabam.
- A tambayi matar tukuna, ita kaɗai, ko tana son mijinta ya shigo. Sirrinta nata ne.
- Kada a ƙi duba mace, ko a mai da ita ƙarshen layi, don ta zo ba miji. Wata mijinta na cin rani, wata ya rasu, wata kuwa tsoronsa take ji.
- A yi bayani da Hausa mai sauƙi, a nuna hotuna, a sa shi ya maimaita alamomin hatsari da bakinsa.
- A faɗa masa gaskiya game da abin da ke kyauta da abin da za a biya.
- Idan za a tura mace babban asibiti, a gaya masa dalili da wuri, domin ya shirya.
- A tambaye shi lafiyarsa shi ma.
- A sa ranakun wayar da kan maza lokacin da suke da sarari, ba tsakiyar noma ba.

Ungozomar gargajiya, da wakilan lafiya na gari, da limamai, da masu gari duk abokan aiki ne. Ungozoma ita ke fara sanin mai ciki, kuma babban aikinta a yau shi ne ta raka ta asibiti da wuri.

Su ma ma'aikata suna bukatar goyon baya

A ƙauyuka da yawa ma'aikaci ɗaya ko biyu ke riƙe da asibiti dare da rana. Gajiya takan sa magana ta yi kaushi. Suna bukatar horo kan yadda ake magana da maza, da kayan aiki, da hutu. Magidanta na iya taimaka masu ta hanyar kwamitin kula da asibiti: kawo ruwa, gyaran katanga da hanya, tsaron dare, da kafa asusun gari don kuɗin man motar ɗaukar marasa lafiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin tunawa

- A fara awon ciki cikin wata 3 na farko.
- A gama shirin haihuwa kafin wata na 7.
- Mai tafiya ya bar izini da kuɗi da wakili.
- Alamar hatsari ɗaya ta isa a tafi asibiti.
- Nonon uwa kaɗai har wata 6.
- Uban da damuwa ta yi wa yawa ya nemi wanda zai gaya wa.

Don ƙarin bayani a tuntuɓi asibiti mafi kusa, ko wakilin lafiya na gari, ko makarantar magidanta idan akwai ta a yankinku.